Rabon Kura

Daga Allah muke, kuma can za mu koma, kowa da ranarsa. Ta Inna ta zo a farkon kaka, a shekarar da aka ce Nasara sun sauka sun bar mana mulkin kanmu. Tun kafin a gama yi mata wanka tsakar gidanmu ya cika da mata, kowace da irin kukanta. Matar liman tana cewa an yi rashin mai zumunci. Wata Bafulatana ta taka tun daga rugarsu da ƙwaryar nono a ka, ta sauke a ƙofar ɗakin, ta zauna, ta ce, "To yanzu wa za shi hwaɗa muna gaskiya?"

A waje ma haka. Wani dillalin shanu ya zo daga Gidan Rumji a kan jaki, ya yi wa maza gaisuwa, ya ce, "Allah shi jiƙanta. Shekara talatin tana hana ni cin riba, amma ban taɓa kwana da haushinta ba." Aka yi dariya, aka kuma yi istigfari, don ba wurin dariya ba ne.

Inna uwar maigidana ce. Shekara goma sha huɗu muna gida ɗaya da ita a ƙauyenmu na kusa da Cadakori. Na yi kuka ranar har muryata ta dushe, mata suna ta yaba mini, wai ba kowace suruka ke yi wa uwar miji irin wannan kukan ba. Gara in faɗi gaskiya tunda ita ba ta son ƙarya: rabin kukan nata ne, rabin kuma na tsoro ne. Ina kuka ina leƙen turke, inda jar saniya ke tsaye da karsanarta da bajiminta. Na san mutum ɗaya ne ya tsaya tsakanin shanun nan da kasuwa, kuma ga shi an ɗauke shi a makara.

Kakannin Inna daga arewa suka gangaro da garkensu, fari ya cinye garken, suka zauna suka kama noma. Dabbobin sun tafi, amma idon ya zauna a gidan, kuma ita ta gaje shi. Duk mai son sayen akuya ko tunkiya ko saniya a yankinmu, sai ya fara jawo ta ƙofarmu, ko ya roƙi Inna ta raka shi kasuwa. Ba ta karɓar la'ada. In an matsa mata, ta ce a ba ta gyaɗa cikin tafi, wadda mu muke kira gujiya, don da ita take aikinta.

Ba ta fara tambayar kuɗi. Tambayarta ta farko kullum ita ce, "Uwatta hwa?" Uwar tana da nono? Tana riƙe ciki? Wa ya kiwata ta, kuma me ya sa ya rabu da 'yarta? In mai dabba ya fara kame-kame, Inna ta gyara zama. Daga nan a buɗe baki a duba haƙora, a san shekarun da suka rage. Sai ta share ƙasa da tafin hannu, ta jera gujiya, kowace haihuwa da ake sa rai da tata ƙwaya, nono da nasa. Ta zare na ciyawa da dusa da kanwa. Ta rage na shekarun da ke nesa, tana cewa ɗan maraƙin da ke ciki ba ɗaya yake da na turke ba, balle wanda uwarsa ba ta ko ga sa ba tukuna. Abin da ya saura kuma ta raba uku, ta kwashe kashi ɗaya ta ce, "Wanga rabon kura ne." Kura a bakinta ba ta daji kaɗai ba ce. Fari kura ne, ciwon bushiya kura ne, ɓarawo kura ne, duk abin da ba ka gani ba sai ya zo. Abin da ya tsira daga kura shi ne darajar dabbar. Ta kan ce kasuwa kuɗi take faɗa, ba ta faɗar daraja, kuma su biyun sukan yi shekara ba su gaisa ba.

Rabon kuran nan kuwa ita ke cinye shi, nan take, tana ɓarewa tana watsawa a baki. Jikokinta har kura suke ce mata ta bayan zana, tana ji tana yi kamar ba ta ji ba.

Rigimarta da dillalin Gidan Rumji ta samo asali ne daga wata karsana mai sheƙi da ya kusa sayar wa ƙanen liman. Kasuwa ta taru ana ta yabon karsana, ana ƙara kuɗi. Inna ta zagaya ta sau ɗaya, ta tsuguna ta leƙa hantsarta, ta miƙe ta ce kan nono biyu a toshe suke, a saya a yanka in ana son nama. Dillali ya yi tsalle ya dire, ya ce tsohuwa ta ɓata masa ciniki, har ya yi barazanar kai ƙara wurin jandarma. Ta ce masa, "Tahi. In sunka tambaye ni, in ce su ma su leƙa." Bai je ba. Bayan wata biyu sai ga shi a ƙofarmu da raƙumi, yana so ta duba masa kafin ya zuba kuɗinsa.

Ba kullum take hana saye ba. Akwai shekarar da rani ya yi tsanani, mutane suna zubar da dabbobi a kan abin da bai kai kuɗin fatarsu ba. Ranar nan Inna ta kwance bakin zanenta, ta sayi wata ramammiyar maraƙa da kowa ke tsallakewa, don ta san uwarta a wata ruga wajen Sae Sabuwa. Maigidana ya ce an sayo mana aikin haƙa rami. Maraƙar nan ita ce jar saniya.

Da na haifi autata, nonona ya ƙafe tun tana wata huɗu. Yarinya ta koma kamar tsinke, kuka ma ba ta iya yi da ƙarfi. Ni kuma kunya ta hana ni faɗa, ina ta shan kunun kanwa a ɓoye. Wata safiya Inna ta shigo ɗakina da ƙaramar ƙwarya, ta karɓi yarinyar, ta ɗiga mata nonon jar saniya da ɗan ludayi. Ba ta yi mini faɗa ba. Ta dai ce, "Ɗiyata, daga yau ke ka tatsa. Kan nono biyu na yarinya, biyu na maraƙi, kowa ya taɓa ki turo mini shi." Yarinyar ta tashi a kan nonon nan. Har ranar da ake wannan makoki ba ta cin tuwo sosai, ko fura sai da shi.

Wajen shekara huɗu kafin rasuwarta, Inna ta fara kukan ido. In an kawo dabba sai ta kira ni daga madafa: "Taho ki buɗe mini bakinta, ni ban gani." In buɗe, in faɗi abin da na gani. "Mi kuma?" In ƙara. "Taɓa hantsa. Mi kinka ji?" Wani lokaci ta ce yatsunta sun yi sanyi, ni zan jera gujiyar. In na manta wani abu ta buge mini hannu da kara. Na sha ƙorafi a zuciyata, ga tuwo a wuta ga hannuna cikin bakin akuyar mutane, amma wa ya isa ya ce wa uwar miji a'a?

Sai maganar mota ta shigo gidan.

Maigidana yana da taubashi, ɗan ƙanen Inna, wanda ya daɗe a Maraɗi yana yi wa masu sayen gujiya aiki. Mutum ne mai daɗin baki, kuma ba zan ce mugu ba ne, don shi ma ya yarda da abin da yake faɗa. Da damina ta ja, ya zo da labari cewa wani kamfanin Nasara yana tattara kayansa, ya sa babbar motarsa a kasuwa, irin wadda ake kira kamyo. Shi ya karɓa, ya raba ta hannu goma, kowa ya zuba jari ya riƙi hannu ɗaya, a riƙa ɗaukar gujiya zuwa Kano, a raba riba. Hannu ɗaya kuɗin shanu uku. A cewarsa, kowace shekara hannun zai haifa wa mai shi kuɗin saniya guda, har shekara goma. Ga kuma jita-jita ta cika gari a lokacin, wasu na cewa kuɗin takarda zai mutu da tafiyar Nasara, wasu na cewa wanda bai kama wani abu yanzu ba, shi da 'ya'yansa sun zauna ke nan. Maigidana ya kasa zaune ya kasa tsaye. Shanu uku ake nema, shanu uku ne a turke.

Ban taɓa jin ya ɗaga wa uwarsa murya ba sai a kan wannan. Ya ce zamani ya canza, ita tana nan tana lissafi da gujiya. Ita kuwa ba ta kama sunansa, da yake ɗan fari ne a maza, sai ta juyo wajena kamar da ni take: "Hwaɗa ma maigidanki ban ce kar shi saya ba. Na ce a kawo ta in gani. Ban taɓa sa ma dabba kuɗɗi tana bayan dutsi ba." Ya fita ya bar tuwonsa. Kwana ashirin suna gaisuwa sama-sama, kafin taubashi ya aiko cewa zai kawo motar da kaka. Zazzaɓi ya riga shi isowa. Kwana uku ta yi a kwance, ran na huɗu da hantsi ta cika.

Kwanakin zaman makoki ban san ɗanɗanon abinci ba. In na tatsi jar saniya sai in ga kamar tatsar ƙarshe ce. In na dubi autata tana lasar ludayi, sai in kau da kai. Shanun yanzu gado ne, kashi biyu na maigidana, ɗaya na yayarsa da ke aure a Sae Sabuwa, ni ba ni da ko kofato. Kuma na ji da kunnena yana gaya wa wani cewa ran kasuwar Gidan Rumji mai zuwa za a kora su.

Ran sadakar bakwai sai ga ƙugi daga gabas. Taubashi ne ya zo gaisuwa, kuma a cikin motar ya zo. Allah ya gafarta wa mutanen garinmu, zaman makoki ya watse, har liman sai da ya je ya shafa ƙarfen. An shafe ta da sabon fenti kore, tana walƙiya. Na leƙa ta kan zana, ni ma sai da ta burge ni.

Aka ce a kai wa direba fura. Na karɓe ƙwaryar daga hannun wata na ce ni zan kai. Dattijo ne, yana zaune a inuwar motar shi kaɗai. Na durƙusa na gaishe shi, na rasa ta inda zan fara, sai bakina ya faɗi abin da ya saba ji.

"Baba, uwatta hwa?"

Ya dube ni, ya yi murmushi. "Uwar wa?"

"Ina nuhin, wa ya riƙe ta da hwarko? Mi ya sa ya rabu da ita?"

Ya kurɓi fura. Sannan ya ce shi ya ja ta tun tana sabuwa, shekara takwas ke nan, kan hanyar da ba ta da tausayi. Masu ita sun tafi da ƙananan motocinsu biyu, ita suka bari. Na tambaye shi shekara nawa suka rage mata. Ya ce, "Ɗiyata, rai na Allah ne. Amma in ta ga kaka ukku, a yi mata sadaka." Na tambayi abin da take ci. Ya lissafa mini mai, da gyara, da 'yan duwan masu karɓar fito a bakin iyaka, da ƙafafu sababbi da ba a samu sai Kano. Na dubi ƙafafun. Ban san mota ba, amma na ga na gaba suna da zane kamar haƙora, na baya kuwa sumul, kamar dasashin tsohuwar tunkiya. Fenti bai kai nan ba.

Da la'asar taubashi ya shigo cikin gida gaishe da mata, maigidana na biye da shi, yayar maigidana tana zaune a ƙofar ɗakin Inna. Nan ya sake ɗauko zancen, wai gobe da safe a kora shanu, shi zai tsaya a kan ciniki. Na shiga ɗaki na ɗebo gujiya a tafi. Na durƙusa a gabansu na share ƙasa.

Taubashi ya yi dariya. "Kai, abokina, ashe Goggo ba ta tahi ba, zane ta canza."

Maigidana ya ce, "Tashi ki ba mutane wuri."

Yaya ta ce, "Bar ta."

Na ce Inna ta yi alkawarin za ta duba in an kawo, ga shi an kawo. Na ajiye ƙwaya huɗu-huɗu, ƙafafun saniya guda ke nan a kowace shekara, yadda taubashi ya faɗa. Amma layi uku na yi, ba goma ba. Ya ce wa ya ce uku? Na ce wanda ya yi shekara takwas yana jin numfashinta. Na tambaye shi ko a lissafinsa ya cire kuɗin ƙafafu da gyara. Ya ce wannan ai ƙananan abubuwa ne. Na zare ƙwaya ɗaya daga kowane layi. Na zare ɗaya daga na baɗi, biyu daga na baɗin baɗaɗa, don suna nesa. Saura shida. Na raba su uku, na ja biyu gefe.

"Wanga hwa?" in ji taubashi, ko da yake ya sani.

"Rabon kura."

"Mota ba ta gamuwa da kura."

Yaya ta ce, "Gulbi in ya cika ya hana ta wucewa, mi sunanshi? In anka ruhe iyaka hwa? In gujiya ta yi kwantai?"

Ƙwaya huɗu suka rage a ƙasa. Na ce, a ganina, hannun ya kai saniya ɗaya, ana neman uku. Na ƙara da abin da na tabbata Inna za ta tambaya: saniya in ta tsufa a ci nama a jeme fata, ita wannan in ta kwanta, me ake ci a jikinta?

Maigidana ya dube ni irin kallon da ban taɓa gani ba, ya ce mace ta kunyata shi a gaban baƙo, ran bakwai ɗin uwarsa. Ya ce shanu nasa ne. Yaya ta gyara lulluɓi ta ce biyu nasa ne. Ita jar saniya ta zaɓa a rabonta, kuma ba za ta kai ta Sae Sabuwa ba, ta bar mini ita habbanaye, yadda Fulani ke yi: in riƙe, in tatsa, 'ya'yan da za ta haifa nawa, uwar tata. Shanu biyu ba su sayen hannu, taubashi kuma ya ce ba zai rage ba, don sauran masu hannu za su ji. Kafin magariba motar ta tafi da ƙuginta.

Kada wani ya ɗauka na samu kwanciyar rai. Maigidana ya daina yi mini magana, sai dai ya ajiye hatsi a ƙofa ya wuce. Motar kuwa kowane mako tana ratsa hanyar bayan gari, buhuna har sama, mutum biyu na garinmu da suka sayi hannu suna tafiya kamar sun haɗiyi tabarya. Duk ƙugin da na ji sai in sake jera gujiyar a zuciyata. Ko na cika zarewa? Ko dattijon nan haushin wani yake ji ya faɗa mini uku? In ta yi shekara goma fa, da wane ido zan dubi mutumin nan da 'ya'yansa? Har yau da nake wannan magana motar tana tafiya, kuma ban san wanda zai yi dariya a ƙarshe ba. Inna ma ba ta taɓa cewa ta san gobe ba, cewa take a bar wa gobe wurin zama.

Da aka yi arba'in, yaya ta dawo muka buɗe kayan Inna don a raba. A cikin wani ɗan kwando muka tarar da rigar autata da ta fara ɗinkewa a makon da ta kwanta, allurar tana soke a jiki, irin siririyar nan da ni kaina sai na fita rana nake samun kafarta. Na ce, "Ko wa ya zura mata zare, ita da ba ta gani?"

Yaya ta dube ni, hawaye na zuba tana dariya. "Wa ya ce miki ba ta gani? Inna da ta cire mini sartse a yatsa da sallar layya? Ni ma na tambaye ta, don mi take wahal da ke. Ta ce gidan ga kowa ya yi lissahi da ita kamar ba ta mutuwa, ba wanda ya cire ma kura nata. Shi ne ta cire da kanta."

Na zauna a ƙasa da rigar a hannu. Shekara huɗu ina ƙunƙuni, ashe gado ake ba ni.

Bayan kwana biyu, da hantsi, ina daka na ji sallama a ƙofar gida. Wani mutum ne daga wani ƙauye, bai ji labarin rasuwar ba, ya jawo jar akuya yana neman tsohuwa ta duba masa. Na ji maigidana yana gaya masa, na ji mutumin yana salati yana addu'a, sannan ya ce to shi ke nan, bari ya koma. Sai na ji muryar maigidana, wanda ya yi wata guda bai ce mini ko sannu ba.

"Dakata. Shiga da ita, akwai mai dubawa."

Allah ya jiƙan Inna, ya yalwata mata makwanci, ya sa abin da ta shuka ya tarar da ita. Na ajiye tabarya na goge hannu, na tambayi mutumin uwar akuyar, na buɗe bakinta, na jera gujiya. Da na zo kan rabon kura na kwashe shi na kai baki yadda take yi, na tauna, na tauna, ya ƙi wucewa.